Akwati na Arba'in da Ɗaya

A ma'aikatarmu babu mai kiransa da sunan yanka. Na-Ƙasa muke ce masa, saboda ɗakin aikinsa yana ƙarƙashin matakalar bene, inda a da ake tara karyayyun kujeru. Idan a gabansa ne kuwa sai mu ce Injiniya, don mutum ne da ya ba hamsin baya, kuma ya riga kowannenmu shiga wannan gini. Ni aikina a sama yake. Zama nake yi daga safe zuwa la'asar ina kallon wani ƙaton allo mai layi ɗari biyu da goma, kowane layi tankin ruwa ne na wata unguwa ko wani ƙauye. Idan layi kore ne, lafiya. Idan ya yi ja, sai in ɗauki takardar koke. Shekara tara ina wannan zama, don haka idan na ce na san Na-Ƙasa, ba ji na yi ba, gani na yi.

Kowane tanki yana da ɗan akwatin ƙarfe a kansa, bai fi girman burodi ba. Akwatin ne ke auna ruwan da ya rage, ya tayar da famfo idan ruwa ya yi ƙasa, ya kashe shi idan tanki ya cika, sannan ya aiko mana da rahoto ta netwok duk minti biyar. Na'urar da ke ciki sayenta aka yi, amma manhajar da ke tafiyar da ita Na-Ƙasa ne ya harhaɗa ta tun kafin a ɗauke ni aiki. Abokan aikinsa biyu na wancan lokaci tuni suka samu inda ya fi nan maiƙo suka tafi, shi ya zauna. Waɗanda aka ɗauka daga baya 'yan zamani ne, sun fi son aikin da ake gani a fuskar waya, babu mai marmarin sauka ɗakin da ke warin dalma.

Ɗakin ba shi da faɗi. Dogon teburi ya cinye rabinsa, a kai akwatunan gwaji uku a buɗe da wayoyinsu a waje, da ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girman abu, da tsohuwar kwamfuta wadda rabin haruffanta sun goge. Akwai butar lantarki ta dafa shayi, da kofi guda ɗaya tak. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Injiniya, idan ka yi baƙo fa?" Ya ce, "Sai in ba shi kofin, ai ni na riga na sha." Taga ɗaya ce, can kusa da silin, daidai da ƙasan titi, ba abin da ake gani ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Ya san mai sayar da jarida da takalminsa, ya san wata mata mai jan ƙafar hagu da ke wucewa kafin azahar, amma bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba.

Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, bayan gajeriyar jinya. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, ma'aikaciyar asibiti ce, tana can wani gari mai nisa da mijinta da 'ya'ya biyu. Takan turo masa saƙon murya idan ta samu sarari, sau biyu ko uku a wata. Shi kuma ya saurara ya sake saurara, sannan ya amsa da rubutu: "Lafiya lau. Allah ya yi albarka." Ba ya kira. Na yi masa faɗa a kan haka har na gaji, kullum amsarsa ɗaya ce: "Tana da tata hidimar, kada in dame ta." Mutum ne da ya ɗauki kiran waya tamkar faɗawa gidan mutane ba sallama. Yana zaune a ɗaki biyu a saman shagon wani tela, ranar Lahadi yake goge riguna biyar ya jera. Iyakar abin da na sani game da gidansa ke nan, don ban taɓa jin wanda ya ce ya je ba.

Duk ranar Talata da ƙarfe tara na safe, babbar kwamfutar ofis takan umarci akwatunan su kashe kansu su sake tashi. Dole ce ta sa. Idan aka bar su suka wuce mako ba su huta ba, sai su fara ƙarya, akwati ya rantse tanki cike yake alhali ko kaza ba za ta jiƙa baki a ciki ba. To da tara ta buga sai allona ya yi ja gaba ɗaya, bayan minti huɗu layukan su fara komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Ɗari biyu da tara sukan dawo. Na arba'in da ɗaya kuwa, a cikin Talata huɗu da ƙyar yake dawowa sau ɗaya. Sai ya maƙale a hanya, bai mutu ba bai tashi ba, kuma muddin yana haka famfo ba zai motsa ba, ƙauye guda ya rasa ruwa.

Maganinsa ɗaya ne, a cire masa wuta a mayar. Matsalar ita ce akwatin yana can ƙolin tanki tare da batirinsa da farantin sola da eriya, kuma tankin shi ne mafi nisa a duk tankunanmu, tafiyar awa huɗu a mota, a cikin wani kwari da sabis ɗin waya ba ya sauka. An taɓa sauko da makunni ƙasa, ɓarayi suka yanke wayar har sau biyu, aka haƙura. Saboda haka sai mai kula da famfon ya hau. Dattijo ne da ya haura saba'in, 'ya'yansa maza duk sun tafi birni, mu dai Baba muke ce masa. Aikinsa na asali shi ne ya buɗe wa ƙauye ruwa da makullinsa ƙarfe goma na safe, ya rufe da yamma. Hawan tsani ƙari ne da akwatinmu ya ɗora masa. Tsanin na ƙarfe ne, matakai talatin da takwas. Ba ni na ƙirga ba, Baba ne ya ƙirga, kuma gwiwoyinsa ne shaida.

Idan ya kai sama ya cire wuta ya mayar, sai ya zauna a gefen tankin ya zaro 'yar wayarsa, domin a duk faɗin kwarin nan ƙolin tanki ne kaɗai wurin da ake samun sabis. Sai ya kira Na-Ƙasa. Ni kuma a daidai lokacin nake saukowa da takardar koke a sa mini hannu, shi ya sa na ji yawancin hirarsu, don a lasifika yake sa wayar.

"Injiniya, ɗan naka ya sake suma."

"Sannu Baba. Ka yayyafa masa ruwa?"

"Na yayyafa, ga shi nan yana buɗe ido. Kai fa, ka karya kuwa?"

"Na sha shayi."

"Shayi ai wankin hanji ne. Wa ya ce maka abinci ne?"

Akwatin minti huɗu yake ɗauka ya farfaɗo, amma hirar takan kai minti ashirin. Baba ya yi ta ba shi labarin abin da yake hangowa daga sama. Motar kasuwa ta yi latti. Wane ya yi shuka tun ruwa bai zauna ba, zai gane kurensa. Akuyarsa mai baƙin kunne ta haifi biyu. Matarsa, wadda yake kira tsohuwa, ta ɓoye masa sukari saboda likita ya hana, amma ya san inda take ajiyewa. Na-Ƙasa, mutumin da a taron ofis sai an janyo maganarsa da igiya, sai ka ji shi yana tambaya ko akuyar tana shayar da duka biyun. Ba su taɓa haɗuwa ba. Amma ranar Talata tun tara saura kwata yake dafa shayinsa, ya ajiye wayar a tsakiyar teburi, ya share ƙurar da ke kewaye da ita.

Shekara biyu ana haka. Kada a ce bai yi komai ba. Ya aika da sabon akwati aka canza, shi ma ya suma. Ya sake aika wani, aka canza batir, aka canza eriya, duk a banza. A kan teburinsa kuwa yakan sa akwatunan gwaji su kashe kansu su tashi sau ɗari biyar a jere, babu wanda ya taɓa ko tuntuɓe. Sai ya rubuta a ƙasan takardata, "An gwada, ba a ga matsala ba," ya sa hannu. Na tara irin waɗannan takardu har fayil ɗin ya ƙi rufuwa.

Ni dai bakina ba ya riƙe magana. Wata Talata, bayan ya ajiye waya yana ta murmushi shi kaɗai, na ce, "Injiniya, anya kana son a gano ciwon yaron nan kuwa?" Ya dube ni ta saman tabarau, ya sa hannu a takardar ya miƙo mini. Da wasa na faɗa, amma tun ina kan matakala na san na taɓa inda ke ciwo. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Sai wata Talata cikin damina. Tara da rabi ta wuce, wayar ba ta yi ƙara ba. Goma ta yi, shayin ya huce a kofi. Sai goma da kwata Baba ya kira, yana haki yana dariya.

"Injiniya, yau saura ƙiris ka yi asarar abokin hira. An kwana ana ruwa, mataki na talatin ya yi santsi. Ƙafa ta tafi yawonta ta bar ni rataye da hannu ɗaya kamar wankin da aka shanya. Takalmina ɗaya na can ƙasa yana jirana."

"Baba, ka ji ciwo?"

"Kafaɗa ce kawai take gunaguni. Tsohuwa dai ba za ta ji wannan labari ba."

Na-Ƙasa bai yi dariya ba. Da aka kashe wayar ya hau bene, abin da ba ya yi sai an kira taro, ya shiga wurin Manaja ya roƙi a riƙa tura mota can duk Talata. Manaja ya ce mota ɗaya ce ga tankuna ɗari biyu da goma, sannan ya tambaye shi wai gyaran akwati aikin wane ne. Maganar ba daɗi, amma ba ƙarya a ciki. Na-Ƙasa ya sauko ya rufe ƙofarsa.

Daga ranar ya canza. Ya ɗauko ɗaya daga cikin akwatunan da aka dawo da su daga can, ya tono ɗan rubutun da yake bari a cikinsa. Rubutun ya nuna akwatin yana rufe ayyukansa ɗaya bayan ɗaya lafiya lau, har ya kai wurin rufe netwok, daga nan shiru. Ya ce mini zarginsa ya tsaya a kan abin da suke kira direban netwok, wato 'yar manhajar da ke tsakanin akwatin da ƙwayar da ke karɓar saƙonni. Direban ba shi ya rubuta ba, tare da na'urar ya zo, kuma kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina amsa wasiƙa. Ya buga shi a takarda, shafi sittin da wani abu, ya bi shi layi-layi da jan biro, har da lokacin cin abincin rana. Ya rubuta tambaya a wani dandalin masu irin sana'arsa a intanet. Kwana tara ba wanda ya tanka. Rana ta goma wani daga wata uwa duniya ya amsa: "Ni ma haka nawa ke yi. Ka samu mafita?" Ya nuna mini amsar, ya ce, "Ashe mu biyu ne."

Talata biyu suka wuce a haka. Baba yana hawa, Na-Ƙasa yana zaune ya ƙura wa waya ido har sai ta yi ƙara. A ta uku wayar ta yi ƙara tun tara saura biyar.

"Yau na riga ɗan naka," in ji Baba. "Na ce bari in hau tun da ƙarfe a bushe yake, in ga yadda yake suman nan da idona. Shekara biyu a kwance kawai nake tarar da shi."

"To Baba, tun da kana nan, buɗe murfin. Me kake gani?"

"Fitila biyu, ja da kore."

Tara ta buga.

"Ja ta mutu," in ji Baba. "Af, ita koren kuwa sai ƙiftawa take yi, fat-fat-fat, kamar mutum zai fita ana ta yi masa magana. Yawwa, yanzu ta tsaya cak."

"Baba, ƙiftawa take yi bayan ja ta mutu?"

"Ido tsufa ya yi, Injiniya, bai makance ba."

Na-Ƙasa ya juya a hankali ya dubi akwatunansa uku. Korayen fitilunsu a kunne suke, ba mai motsi a ciki. Ita koren fitila ba ta ƙiftawa sai idan saƙo ya shigo. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, ba da ni ba kuma ba da Baba ba, "Nawa babu mai yi musu magana."

Ga abin da ya faru, yadda ya warware mini shi daga baya. Shekarun baya ya yanke teburinsa daga layin ofis, don kada wani saƙo da ba a gayyata ba ya ɓata masa gwaji. Tsafta ce irin ta masu sana'arsu, kuma yana alfahari da ita. Akwatunan gwajinsa ba su san kowa ba sai tsohuwar kwamfutarsa, ta wani kebul da bai fi kamu ɗaya ba. Ita kuwa sau ɗaya take ba da umarni ta yi shiru. A can waje ba haka ba ne. Shi da kansa ya koya wa babbar kwamfutar ofis cewa idan akwati yana nesa kuma amsarsa ta yi jinkiri, ta riƙa maimaita masa saƙo duk rabin daƙiƙa har sai ta ji daga gare shi. Don kada a manta da na nesa ya yi haka. To na arba'in da ɗaya ya fi kowa nisa, amsarsa sai ta bi ta eriya uku kafin ta iso. Shi ya riga ya ji umarni ya fara rufewa, ita kuma tana ta ƙwala masa kira.

Ranar ko abincin rana bai nema ba. Ya ja dogon kebul daga bayan ƙofa ya haɗa akwati ɗaya da layin ofis, ya ce in hau in sa babbar kwamfuta ta yi ta kiransa ba ƙaƙƙautawa. Na yi, na sauko da gudu. Karon farko akwatin ya tashi. Karo na biyu ya tashi. A na uku koren fitila ta yi fat-fat ta tsaya cak, allon kwamfutarsa ya cika da rubutu, akwatin ya sandare a gaban idonmu. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya yi murna da lalacewar abu irin haka ba. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce, "Yawwa! Sannu da zuwa."

Na ce ya yi mini bayani da Hausar mutane. Ya ce in ɗauka direban mai masauki ne, yana shimfiɗa wa saƙonni tabarma a ma'ajiyar akwatin, duk wanda ya shigo ya samu wurin zama. Idan aka ce a tashi, shi wannan direba sai ya fara naɗe tabarmi ya mayar, sannan ya je rufe ƙofa. Tsakanin biyun bai kai ƙiftawar ido ba. Amma idan baƙo ya shigo a daidai wannan tsakani, sai ya zauna inda ba nasa ba, komai ya rikice ya tsaya. Ɗan mai gadin da ke cikin akwatin, wanda aikinsa shi ne ya tayar da shi idan ya sandare, shi ma an riga an sallame shi tun farkon rufewa. Gyaran kuwa layi huɗu ne na rubutu a cikin direban: a rufe ƙofa tukuna, a jira na ciki su gama, sannan a naɗe tabarma. Shekara biyu, layi huɗu. Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan."

Ranar Alhamis da la'asar na sauka na tarar da shi yana kallon akwatin yana kashe kansa yana tashi, kira na ta zuba a kansa, ya haura sau ɗari uku bai yi tuntuɓe ba. Na yi masa barka. Bai ɗago ba.

"Maganar da kika yi rannan," ya ce.

"Haba Injiniya, wasa nake yi."

"Ba wasa ba ne. Ban ɓoye komai ba, Allah shi ne shaida. Amma ban nema yadda na iya nema ba. Da tun bara na ce Baba ya duba mini fitilar nan, da ya duba. Tambaya ce ta minti ɗaya. Na tambaye shi akuya, ban tambaye shi fitila ba." Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Duk mako dattijo yana hawa matakai talatin da takwas, don ni in samu mai tambayata ko na karya."

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har na rasa wanda ya fi yawa. Na ɗauki kofinsa na wanke masa, abin da ya zo mini ke nan.

Ranar Litinin ya tura wa akwatunan sabuwar manhajar. Sai dai ba za ta fara aiki ba sai akwati ya kashe kansa ya tashi, kuma wannan rufewar ta ƙarshe da tsohon direba za a yi ta. Saboda haka ya ce mini gobe idan tara ta yi, in sa babbar kwamfuta ta faɗa wa na arba'in da ɗaya sau ɗaya kawai, ta kama bakinta. Baba kuwa babu hanyar da za a ce masa kada ya hau, tun da sai ya hau ake samunsa. Tara saura biyar ya kira, ya buɗe murfi ba tare da an ce masa ba.

"Ja ta mutu. Kore ma ta yi shiru yau." Muka jira. "Ikon Allah! Ga shi ya tashi da kansa! Injiniya, ko taɓa shi ban yi ba."

"Ya warke, Baba. Kai ka gano ciwon. Daga yau ba sai ka sake hawa ba."



"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Roƙonka nake yi."

"To. Gwiwoyi sun gode. Tsohuwa ma za ta gode, don ta gano zancen takalmin nan." Ya ɗan yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Sai dai ka riƙa cin abinci, ka ji ko? Yanzu ba mai tambayarka."

"Na ji, Baba. Ka sauka a hankali, ka riƙe da hannu biyu a na talatin. Kada ka kashe wayar, sa ta a aljihu."

Muka ji ƙarar takalmi a kan ƙarfe. Na-Ƙasa yana ƙirgawa da leɓensa. Ya ƙirga tara daga sama, wato daidai matakin nan na talatin mai santsi, sabis ya ɗauke. Ya zauna da wayar a hannu, babu yadda za a yi mu san ko sauran matakan sun ƙare lafiya. Sai na tuna da makullin da Baba ke buɗe ruwa da shi ƙarfe goma. Na ce ya biyo ni sama. Muka tsaya gaban allo muna kallon layi na arba'in da ɗaya, tanki cike, lamba tana kan ɗari. Goma ta buga. Goma da minti biyar rahoto ya shigo, lamba ta koma casa'in da takwas. Wani ya buɗe wa ƙauye ruwa a gindin tanki. Na-Ƙasa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Ya sauka."

Talatar da ta biyo baya layuka ɗari biyu da goma suka yi ja, ɗari biyu da goma suka dawo kore. Manaja ya leƙo ya ce madalla, ya wuce. Ba ni da takardar da za a sa wa hannu, amma na sauka. Na tarar ya dafa shayi, wayar tana tsakiyar teburi, an share ƙurar da ke kewaye da ita. Da ya gan ni ya ji kunya, ya ce hannu ne ya saba. Tara da rabi ta wuce. Sai na ga ya ɗauki wayar, shi da ba ya kiran ko 'yar cikinsa, ya nemo lambar Baba ya danna. Muryar mace ta na'ura ta ce ba a samun lambar a halin yanzu.

"Bai hau ba," ya ce. "Madalla."

Ya sake dannawa, ko da yake mu biyun mun san amsar. Sannan ya buɗe aljihun teburi ya sa wayar a ciki, ya janyo wani akwati da ke jiran gyara.

Wata bakwai ke nan yanzu, na arba'in da ɗaya bai sake suma ba. Na-Ƙasa ya koma dandalin nan ya rubuta wa mutumin da ya ce shi ma haka nasa ke yi, ya ba shi layukan huɗu da cikakken bayani, har yau bai amsa ba. Ni kuma na ɗauki aikin tambayarsa ko ya karya, yana amsa mini da ladabi, amma na san ba ɗaya ba ne.

Abu ɗaya ne ya ƙaru. Kullum goma saura kaɗan nakan ji takunsa a matakala. Ba ya zama, ba ya cewa komai bayan gaisuwa. Sai ya tsaya a bayan kujerata, hannuwansa a baya, idonsa a kan layi guda. Ranar da rahoton ya yi jinkiri ina jin numfashinsa yana canzawa, ni ma sai in kasa taɓa komai. Idan lamba ta motsa daga ɗari, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ya buɗe." Daga nan ya juya ya sauka ɗakinsa.